Maganin 'ya'yanmu muke zubawa a ruwan kaji



Sha'aban ya kama, kuma duk wanda ya san garin nan ya san abin da ke biyo baya. Masu kiwon kajin gidan gona sun fara lissafi: a zuba 'yan tsaki a tsakiyar wata, su yi sati shida, su isa yanka daidai da ƙaramar Sallah. Wayoyin dillalan tsaki a Azare ba sa hutawa. Matan aure sun kwashi adashi, matasa sun share kangon gida sun baza ɓuntun shinkafa, an tanadi gawayi da tukunyar ɗumama ɗaki. Sana'a ce mai albarka, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma yawancinmu da muka haɗu kan wannan rubutu muna cikinta, ko iyalanmu suna ciki. Saboda haka kada wani ya ce 'yan baƙin ciki ne suka fito ɓata wa mutane kasuwa. Kanmu muka fara tuhuma kafin mu tuhumi kowa.

Ƙorafinmu a kan leda ne. Kowa ya san ta, ledar nan da ake miƙo wa mutum tare da kwalin tsakinsa. A ciki akwai gulukos, akwai bitamin, sannan akwai fakiti ɗaya ko biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda masu asibiti ke kira antibayotik. Mai sayarwa zai ce maka: «Alhaji, ka zuba musu wannan kwana biyar na farko, in sun yi sati biyu ka maimaita, in ka ga sun yi sanyi ka ƙara.» Ba a ce tsakin ba su da lafiya ba, ba wanda ya duba su, ba wanda ya auna nauyinsu balle ya san yawan ruwan da za su sha. Al'ada ce kawai ta zauna, har ta kai wanda bai zuba ba shi ake yi wa kallon mara wayo. Wanda kuɗinsa bai kai na fakiti ba kuwa sai ya leƙa kemis ya sayo kafso ja-da-yalo, ya ɓare a cikin mashayar kaji. Wannan kafson na mutane ne, shi ne dai wanda ake rubuta wa mara lafiya.

Mun zauna mun karanta abin da aka rubuta a bayan fakitocin da muka tattaro daga gidajenmu. Akwai tetirasaikilin, dangin ja-da-yalo. Akwai jentamaisin, wanda ake yi wa jarirai allurarsa a asibiti idan cuta ta shiga musu jini. Akwai enrofulosasin, ɗan'uwan sifro na jini, sifron da ake ba mai taifot. Hasali ma jikin dabba yana juya wani kaso na enrofulosasin ya koma sifro. Akwai kuma kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an gwada sauran duk sun gaza. Wani fakitin ma an cakuɗa uku ko huɗu wuri guda, an haɗa da bitamin, an zana hoton zakara mai ƙiba a gaba. Abin da asibiti ke tattalinsa kamar ƙwai a cokali, mu muna auna shi da murfin gora muna zuba wa kajin da lafiyarsu ƙalau.

Dalilin da ake kawowa kullum shi ne farin kashi. Gaskiya ne, wanda ya taɓa shiga ɗakin tsaki da asuba ya tarar da su sun dunƙule, gindinsu ya toshe da farin kashi, ya kwashi goma ya zubar, ba zai so ya sake gani ba. Amma daga ina cutar ta fito? Ɗaya daga cikin manyan masu jawo ta ƙwayar bakteriya ce mai suna Salmonela, an raɗa mata sunan wani likitan dabbobi Ba'amurke, Daniel Salmon, wanda a ofishinsa aka gano ta a 1885. Danginta sun haura iri dubu biyu. Akwai irin da ke kashe 'yan tsaki da farin zawo, ana kiransa Fuloram, akwai ɗan'uwansa Galinaram mai jawo taifot ɗin kaji. Mugun halin waɗannan shi ne ba sai sun jira tsako ya fito duniya ba. Uwar kaza mai ɗauke da cutar tana zuba ta cikin ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe. Sai a kwashi ƙwan nan a haɗa da dubban 'yan'uwansa a cikin injin ƙyanƙyasa, su yi kwana 21 cikin ɗumi da laima, zafin da ya ɗan haura 37 a ma'auni, wato yanayin da bakteriya ta fi so a duniya. Ranar ƙyanƙyasa, tsakon da ya fito da cuta zai bushe, ƙananan gashinsa su tashi, fankar inji ta watsa su kan kowa. Tsako ɗaya ya isa ya shafa wa ɗaruruwa kafin a rufe kwali.

Yawancin kwalayen da ke iso mana daga kudu maso yamma suke tasowa, Ibadan da kewayenta, wasu daga Jos ko Kaduna. Daga Ibadan zuwa nan tafiya ce ta fiye da kilomita dubu. Tsaki hamsin a kwali, an jibga kwali kan kwali, sun kwana a mota babu ruwa, an sauke su a tasha, an canja mota, wani lokaci a ɗaure su a bayan babur cikin zafin rana daga Azare zuwa Udubo. Idan suka iso suka fara zubewa, wa za ka kama? Dillali zai ce ba shi ya ƙyanƙyashe ba. Na sama da shi zai ce direba ne ya tsaya a hanya. Kamfanin kuwa ko sunansa ba ka da tabbas, don kwali ana sake amfani da shi, kuma ba takarda aka ba ka ba. Ledar magani ita ce ta toshe wannan giɓi. Maimakon wanda ya sayar maka da tsako mai cuta ya ɗauki asararsa, an koya maka ka sayi magani da kuɗinka ka rufa masa asiri. In sun rayu ya ci yabo, in sun mutu a ce ba ka zuba da yawa ba.

Wannan ba zato muke yi ba, 'yan ƙasarmu ne suka bincika. A 2017 masana daga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, tare da abokan aikinsu na Italiya, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a gidajen gonar kajin ƙwai 523 a sassan Najeriya. Sun sami Salmonela a kashi 43.6 cikin 100 na gonakin. A 2020 Dakta Abdurrahman Jibril na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da abokan aikinsa suka duba gonakin arewa maso yamma, suka same ta a kusan rabinsu. A duka binciken biyu irin da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Kentaki, wanda ya yi suna a duniya wajen ƙin jin sifro. Daga baya masu binciken na Sakkwato suka koma kan 'yan tsaki sabuwar ƙyanƙyasa, waɗanda ba su daɗe da isowa ba, suka sami Salmonela mai taurin kai ga magani a jikinsu, kuma da suka kwatanta ta da wadda ke jikin manyan kaji a gonaki sai suka ga dangi ɗaya ne na kusa. Ma'ana, wani kaso na cutar da muke yaƙi da ita a ɗakunanmu sayo ta muka yi da kuɗinmu, kuma ta zo ta riga ta saba da maganin da ke cikin leda. Ba a Katagum aka yi binciken ba, amma tsakin Sakkwato da na Azare daga gidajen ƙyanƙyasa iri ɗaya suke fitowa, ba mu ga dalilin da zai sa namu su fita daban ba.

Yadda ƙwayar cuta ke daina jin magani ba baƙon abu ba ne ga manomi. Wanda ya yi noman wake ko tumatir ya san maganin feshin da a da yana zubar da tsutsa nan take, yau kuwa sai ka fesa ta ɗaga kai ta ci gaba da cinta. Manyanmu kuma sun tuna kulorokwin, ƙwaya mai ɗaci da take sauke zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu, har ta wayi gari ba ta aiki, ƙasar nan ta canja zuwa wani magani a 2005. Haka abin yake. Duk sanda aka zuba antibayotik a mashaya, raunanan ƙwayoyin cuta su mutu, masu taurin kai su tsira, su sami fili su hayayyafa babu abokin gasa. Bakteriya kan rabu biyu cikin ƙasa da awa ɗaya, don haka sati shida na rayuwar kaza a wurinta zamani ne mai tsawo. Mafi muni shi ne ɗan ƙaramin awo na kullum, wanda bai isa ya kashe ba sai dai ya horar. Kuma a ɗakin kaji babu awo: mai ƙarfi ta sha da yawa, mara lafiyar da ta fi bukata tana gefe ba ta iya tashi, rana ta daki ruwan maganin ya lalace. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 lokacin da ake ba shi lambar Nobel, cewa shan abin da bai kai awo ba zai koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa. Shekara tamanin ke nan, mu yanzu muke aikata abin da ya hango, a bayan ɗakunan kwananmu.

Wani abin da ya fi ba mu tsoro shi ne bakteriya suna ara wa juna wannan taurin kai, ko da ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda maƙwabta ke aron rariya. A 2015 aka gano a ƙasar Sin wani guntun gado da ke sa bakteriya ta daina jin kolistin, mai iya tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, an kuma danganta yaɗuwarsa da yawan ba dabbobi maganin. Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don sa ƙiba a 2017. An riga an sami wannan guntun gado a Najeriya. Amurka ta hana ba kaji enrofulosasin tun 2005, saboda wata ƙwayar cutar gudawa da mutane ke ɗauka daga kaji ta fara ƙin jin sifro. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don sa dabba girma a farkon 2006, sannan a 2022 ta hana ba garke duka a matsayin rigakafin yau da kullum. Su ne suka ƙirƙiro dabarar tun ƙarshen shekarun 1940, suka ga inda ta kai su, suka ja da baya. Mu muka tsinci abin da suka yar muna yi masa kirari.

Mun san amsar da za a ba mu a sashen sharhi, don mun sha jin ta a majalisa: «Ai mu ba ma cin ɗanyen nama, soyawa muke yi har ya yi ƙaras-ƙaras.» Wannan haka ne, wuta tana kashe Salmonela, in tsakiyar nama ya kai zafi 74 an gama da ita. Sai dai ba ta tukunya cutar ke shiga gida ba. Ku dubi yadda ake figa ranar jajiberin Sallah. Baho ɗaya na ruwan zafi da ya riga ya huce, kaza ta talatin ta shiga inda ta farko ta shiga. Wuƙar da aka fasa ciki da ita ita ce za a ɗauraye sama-sama a yanka latas da kabeji da kokwamba. Uwa tana gyaran kayan ciki, jariri ya yi kuka, ta goge hannu a zani ta ɗauke shi. Ruwan figa a watsa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan kunu. A gidaje nawa ne ake rainon tsaki a cikin ɗakin da yara ke kwana saboda sanyi ko tsoron muzuru? Sannan ga kashin kaji, wanda yanzu ya zama haja tunda takin zamani ya yi tsada. Ana ɗura shi a buhu yana ɗanye, a kai fadama a zuba wa kayan lambun da ba a dafawa. Wasu suna ba ragunan turka, wasu suna zuba wa kifi. Fasasshen ƙwai kuma ya tafi teburin mai shayi a farashi mai sauƙi, a soya shi ruwa-ruwa yadda matasa suke so. Ko'ina a cikin waɗannan hanyoyi babu wutar da ta taɓa ƙwayar cutar.

A nan sai mu faɗi gaskiya kan wani abu da ake yawan cakuɗawa. Taifot ɗin mutane ba daga kaza yake zuwa ba. Irin Salmonelar da ke jawo shi a jikin ɗan Adam kaɗai yake zama, ta gurɓataccen ruwa da abinci yake yawo, kuma ba kowane zazzaɓin da aka kira taifot a kemis ba ne taifot, wannan ma rigima ce ta wata rana. Irin da ake ɗauka daga kaji gudawa yake sawa, da amai da murɗawar ciki da zazzaɓi. Babba mai ƙoshin lafiya zai sha wuya kwana kaɗan ya miƙe, sau da yawa ruwan gishiri da sukari ya wadatar. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko mai tamowa, ko mai sikila, ko tsoho mai rauni, Salmonela tana iya tsallake hanji ta shiga masa jini. Masu sikila har ƙashi take kama musu, likitoci sun daɗe da sanin haka. Irin waɗannan yaran ba sai mun je nesa nemansu ba, suna cikin gidajenmu. Ranar da aka kwashi ɗaya daga cikinsu da tsakar dare zuwa Gamawa, daga can a ce a wuce Azare, abin da likita ke da shi a hannu bai wuce magunguna ƙalilan ba, kuma cikinsu akwai waɗanda muka shafe shekaru muna horar da ƙwayoyin cuta a kansu. Sai a gwada na farko kwana uku shiru, a canja zuwa mai tsada, a sayar da akuya, a sayar da buhun gero. Iyaye su ce asibiti ba su iya aiki ba, ko maganin jabu ne. Ba wanda zai tuna da mashayar kaji.

Babban binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma. Kason Najeriya an sa shi 64,500 kai tsaye, da 263,400 da abin ke da hannu a mutuwarsu. Ba mu ce kaji ne suka kashe su duka ba. Shan magani barkatai da mu mutane ke yi, da sayen rabin awo a kemis, da ƙazantar ruwa, duk suna da nasu babban kaso. Amma na kaji shi ne kason da ke hannunmu kai tsaye, wanda ba ma bukatar kasafin kuɗin gwamnati kafin mu rage shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai ƙaramin jari, kuma ba za mu raina ta ba. Matar da ta zuba duk adashinta a kwali biyu za ta ce: «In ban ba su ba suka mutu, ku za ku biya ni?» Tambaya ce mai nauyi. Amma a gidan ɗaya daga cikinmu bara an zuba kwali ɗaya, an bi umarnin leda daki-daki, cikin kwana shida goma sha huɗu suka tafi. Aka koma shago, aka ba da wani fakiti mai ƙarfi, aka sake komawa aka haɗo da allura. Da aka yi lissafi bayan Sallah, kuɗin magani da na kajin da suka mutu ya cinye ribar tas. To ina kariyar da leda ta bayar? Mutuwar satin farko da yawanta daga ƙishirwar hanya ce, ko sanyin dare, ko zafin gawayi da hayaƙi a ɗakin da aka toshe ko'ina, ko jiƙaƙƙen ɓuntu, ko tsakin da tun asali ba su da kyau. Babu wanda antibayotik ke gyarawa a ciki. Cututtukan da suka fi share ɗaki gaba ɗaya kuwa, Nukasil da Gumboro da murar tsuntsaye, bairos ne, antibayotik ba ya taɓa su ko da za a zuba buhu. Na biyun farko allurar rigakafi ce maganinsu, kuma Vom tana yin ta, har da ta taifot ɗin kaji. Ko ita Salmonelar, magani kan rage mutuwa ne amma ba ya raba kaza da ita. Waɗanda suka tsira sukan zama masu ɗauke da cutar suna zubar da ita a kashi. Ba mu ce a bar kaza mara lafiya ta mutu ba. Mara lafiya a duba ta, likitan dabbobi ya faɗi abin da ke damunta, a ba ta maganin da ya dace a cikakken awo. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da magani madadin shara da wanke mashaya da kuma tambayar inda tsako ya fito.

Akwai darasi a yadda wasu suka fita daga wannan rami. Farin zawon tsaki ya taɓa durƙusar da kiwon kaji a Amurka, har a 1935 suka kafa tsarin ƙasa na inganta kaji. Ku lura da shekarar, lokacin ko fenisilin bai shiga kasuwa ba. Abin da suka yi shi ne gwada jinin iyayen kaji, duk wadda aka samu da cutar a fitar da ita daga garke, gidan ƙyanƙyasa kuma ba ya samun shaidar tsabta sai ya bi wannan ƙa'ida. Da haka suka kore ta daga gonakin kasuwancinsu. A Ingila ma, a Disambar 1988 ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie ta ce Salmonela ta mamaye yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar. Cinikin ƙwai ya faɗi warwas, masu gonaki suka yi mata ca har ta ajiye muƙami. Bayan shekara goma su da kansu suka fito da tambarin zaki a kan ƙwai, wanda ke nuna an yi wa kajin rigakafin Salmonela, masu kamuwa suka ragu ƙwarai. A duka wuraren biyu daga sama aka kamo gyaran, daga uwar kaza da injin ƙyanƙyasa. Mu kuma an bar wa matar da ke ƙarshen layi a Udubo ta gyara da murfin gora.

Sai maganar da ba a son a taɓa, ta ranar sayarwa. A bayan kowane fakiti an rubuta kwanakin da za a jira bayan an daina ba da magani kafin a yanka ko a ci ƙwai. Mu nawa ne ke ƙirgawa? Abin da aka saba shi ne, da zarar ɗaki ya fara tari ana saura kwana uku Sallah, a ɗura musu magani su ɗan miƙe, a yi maza a kai kasuwa kafin su zube. Wadda ta kwanta kuma a sa mata wuƙa tana sauran numfashi, a fige, a kai wa mai gashi da daddare inda fitila ba ta nuna launin nama. Wanda ya saya ɗan'uwanka ne, wataƙila a sahu ɗaya za ku yi Idi. Malamanmu sun karantar da mu hukuncin wanda ya ɓoye aibin hajarsa, kuma ba mu ji an cire mai kaji daga ciki ba. Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan a tafsirin bana, don a nan ne kunnuwa suka fi buɗewa.

Hukumomi ma da nasu. Tun 1988 dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta tanadi cewa gidan ƙyanƙyasa sai da lasisi, an kuma sabunta dokar a 2022. NAFDAC ta haramta ba dabbobin da ake ci wasu magunguna, irin su kuloramfenikol da furazolidon. Ƙasar nan ta fitar da shirin yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta na 2017 zuwa 2022, ta fitar da na biyu a 2024, a shekarar ce kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Takardu dai ba a rasa ba. Kiranmu ga wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya shi ne su nemi a tilasta wa kowane gidan ƙyanƙyasa buga sunansa da ranar ƙyanƙyasa a jikin kwali, da shaidar an gwada iyayen kajin, sannan a ƙara yawan ma'aikatan lafiyar dabbobi a ƙananan hukumomin ƙasar Katagum, don mai kaji ya sami wanda zai kira wanda ba mai shagon magani ba ne. Wanda abincinsa ya dogara da yawan fakitin da ya sayar, ko waliyyi ne bai kamata a ce shi kaɗai ne likitan gari ba. Haka nan likitocin WhatsApp da ke rubuta magani daga hoton kashin kaza.

Amma ba za mu zauna jiran Abuja ba alhali tsakiyar Sha'aban saura kwanaki. Mai sayen kwali ɗaya ba shi da murya, masu sayen kwali ɗari suna da ita. Idan masu kiwo na Udubo suka haɗa odarsu wuri guda, za su iya cewa ba sa karɓar kwalin da ba sunan kamfani da ranar ƙyanƙyasa, su kuma ɗauko mota ɗaya da za ta taso da yamma ta kawo har gida. A buɗe littafi ɗaya, kowa ya rubuta inda tsakinsa suka fito da yawan da suka mutu a satin farko. Kafin zagaye uku littafin nan zai nuna mana wanda ke turo mana cuta, ba sai mun yi faɗa da kowa ba, sai dai mu juya masa baya. Kuɗin da ake kashewa a leda in aka tara shi ya isa a ɗauki likitan dabbobi ya riƙa zagaya ɗakuna sau ɗaya a sati, kuma in mutuwa ta yi yawa ya aika da gawar a gwada a san ainihin cutar da maganin da har yanzu take ji. Kashin kaji kuma a tara shi a rufe ya ɗauki zafi ya ruɓe na wasu makonni kafin a kai fadama. Masu lambu sun san ruɓaɓɓen ma ya fi, don ɗanyen yana ƙona shuka.

Mun nemi shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a taron da ke tafe, kuma a ba mata zama nasu, tunda su ne suka fi yawa a sana'ar. Dillalan tsaki da masu shagunan maganin dabbobi ma muna gayyatarsu, 'yan'uwanmu ne, su zo su faɗi nasu. Duk mai zuwa ya taho da ragowar fakitocin da ke gidansa, har da waɗanda suka ƙare. Za mu baza su a tabarma, ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya ya karanta mana sunan da ke bayan kowanne, ya faɗa mana wace cuta ake yi wa yara magani da shi a asibiti.